Abin da Ruwa Ya Bari a Birnin Niyu Olins

A wannan fitowa za mu yi bayani a kan birnin Niyu Olins na ƙasar Amurka, wanda ruwa ya ci a shekarar 2005, da kuma aikin da mutane suka je yi a can don taimako, ba don a biya su ba. A rediyo akan kira su masu aikin sa kai. Mu kuwa a gona gayya muka san irin wannan aiki.

Labarin ambaliya yakan cika rediyo a ranar da abin ya faru, bayan mako biyu kuwa sai a daina maganarsa. Amma wahalar gaske tana farawa ne sa'ad da ruwa ya janye. A Niyu Olins iska ta wuce a yini ɗaya, ruwa ya zauna makonni shida, gyara kuwa ta ci shekaru. Waɗansu unguwanni sun tashi, waɗansu har shekara goma ta wuce ba su farfaɗo ba. Muna so mu duba dalili, gama akwai abin da ya shafi kowace ƙungiya da ke noma a bakin kogi ko a ƙarƙashin madatsar ruwa.

MECE CE GUGUWAR TEKU?

Guguwar teku ba irin guguwar da ke tashi a fili da rani ta kwashe yayi ba ce. Hadari ne babba mai juyawa, wanda faɗinsa yakan kai ɗaruruwan mil. Yana tasowa ne a kan teku sa'ad da ruwan ya yi ɗumi. Tururi yana tashi sama ya zama girgije, iska ta ruga ta cike gurbin, sai abin ya fara juyawa yana ƙara ƙarfi. Idan gudun iskar ya kai mil 74 a awa, sai masana su ce ta cika guguwar teku. Suna kasa ta mataki 5 bisa ga ƙarfinta, suna kuma ba kowace ɗaya suna. A Tekun Atilantika lokacinta daga watan Yuni ne zuwa ƙarshen Nuwamba. Da yawa daga cikinsu asalinsu hadarin nan ne da ke taso mana daga gabas da damina, ya ratsa Afirka ta Yamma ya faɗa teku.

Wadda muke magana a kanta sunanta Katrina. Ta fara ratsa jihar Filorida ran 25 ga Agusta 2005, ta shiga Tekun Meziko, ta kai mataki na 5. Da asubar ranar Litinin 29 ga Agusta ta hau tudu a jihar Luwiziyana tana mataki na 3, iskarta na gudun kusan mil 125 a awa.

Iska tana yaye rufi, tana karya itatuwa. Amma ruwa shi ya fi kisa. Guguwar tana tura ruwan teku a gabanta kamar yadda mai shara ke tura ruwa da tsintsiya, sai tekun ya hau ƙasa. A gaɓar jihar Misisipi tsayin wannan ruwa ya wuce ƙafa 25 a waɗansu wurare.

ME YA SA BIRNIN YA CIKA DA RUWA?

Niyu Olins tana zaune ne kamar ƙwarya. Kogin Misisipi yana gefe ɗaya, babban tafkin Pontchartrain yana ɗaya gefen, tsakiyar kuwa kwari ce. Kusan rabin birnin yana ƙasa da fuskar teku, domin an tsotse fadamu an gina gidaje a kai, ƙasar kuma ta yi ta lotsawa. Ko ruwan sama aka yi, sai an sa manyan injuna sun ɗaga shi sun zuba a magudanai zuwa tafki. Abin da ke tsare birnin shi ne ganuwar ƙasa da katangun siminti da aka gina a bakin kogi da tafki da magudanai. Sashen injiniyoyi na sojan Amurka ne ya tsara su.

A ranar guguwar waɗannan katangu sun fashe a wurare fiye da 50. Waɗansu ruwa ya haura kansu ya zaizaye gindinsu. Amma na magudanar 17th Street da ta London Avenue sun faɗi tun ruwa bai kai bakinsu ba, domin tushensu bai yi zurfin da ya kamata ba, ƙasar da aka kafa su a kai kuma ba ta da ƙarfi. A shekarar 2006 injiniyoyin da kansu sun yarda akwai kuskure a tsarin aikin. Ga kuma wani dalili. Fadamun bakin teku da ke rage ƙarfin ruwa sun daɗe suna ɓacewa. Tun daga shekarun 1930 Luwiziyana ta rasa kusan mil murabba'i 2,000 na irin wannan ƙasa.

Ruwa ya rufe kashi 80 cikin 100 na birnin. A waɗansu unguwanni zurfinsa ya kai ƙafa 15. Tun da ƙwarya ce, ba shi da hanyar fita sai an toshe ɓaraka an tsotse shi. Ana cikin wannan aiki sai wata guguwa, Rita, ta zo a ƙarshen Satumba ta sake cika waɗansu unguwanni. Sai ran 11 ga Oktoba, bayan kwana 43, aka ce birnin ya tsane.

Magajin garin, Ray Nagin, ya ba da umarni kowa ya fita ran 28 ga Agusta, mafi yawan mutane kuwa sun fita. Waɗanda suka rage su ne tsofaffi da marasa lafiya da waɗanda ba su da mota, da waɗanda ƙarshen wata ya same su ba kuɗi a hannu. An daɗe ana cewa mutum 1,833 suka mutu a dukan jihohin da abin ya shafa. A shekarar 2023 hukumar lura da guguwa ta Amurka ta sake lissafi ta ce 1,392 ne. Cikin waɗanda suka mutu a Luwiziyana, kusan rabi sun kai shekara 75 ko sun wuce. Ku riƙe wannan, za mu komo gare shi.

ABIN DA 'YAN GAYYA SUKA TARAR

A shekaru biyu na farko mutane fiye da miliyan 1 suka je aikin taimako a yankin. Akwai ɗalibai da ke hutu, da tsofaffin ma'aikata, da kafintoci, da manoma. Da yawansu ikkilisiyoyi ne suka aiko su, su kwana a ɗakin sujada ko a tanti, su yi mako ɗaya su koma gida. Gani ya kori ji. Bari mu bi sawunsu mu shiga unguwar da ta fi kowace shan wuya, wadda suke kira Lower Ninth Ward, wato Unguwa ta Tara ta Gangare.

Unguwa ce ta baƙar fata, masu ƙaramin ƙarfi, amma fiye da rabinsu gidan kansu suke zaune, ba haya ba. Katangar magudanar jiragen ruwa da ke yamma da ita ta fashe wuri biyu. Ruwan ya shigo da ƙarfi har ya tumɓuke gidajen katako daga tushensu. Wani ƙaton jirgin dakon kaya ya biyo ta ɓarakar ya zauna a cikin unguwa, ya yi watanni a nan.

Abu na fari da baƙo ke lura da shi shi ne shiru. Ba kukan yara, ba haushin kare, ba hayaƙin girki. Ciyawa da itatuwa sun bushe sun yi toka-toka saboda gishirin ruwa. Laka ta bushe ta tsattsage a kan titi.

Na biyu, zanen ruwa. A jikin kowane bango akwai layi mai ruwan ƙasa da ke nuna inda ruwa ya tsaya. Wani wuri iyakar taga, wani wuri har bakin rufi. Sau da yawa layin ba ɗaya ba ne, domin duk inda ruwan ya daɗe kafin ya ƙara sauka sai ya bar sabon zane.

Na uku, abubuwan da ba a wurinsu suke ba. Gida a tsakiyar hanya. Mota a kan shinge, wata a ƙarƙashin gida. Matakalar siminti uku ko huɗu a tsaye, ba ƙofa ba ɗaki a bayanta. A kan waɗansu rufi akwai rami da aka sara da gatari daga ciki. Mutanen gidan ne suka hau tsakanin silin da rufi suna gudun ruwa, da ruwa ya biyo su suka fasa suka fita sama. Waɗanda ba su da gatari a can, da yawa a nan aka same su.

Na huɗu, alamar da masu ceto suka zana da fenti a ƙofar kowane gida, mai kamar harafin X. A sama ranar da suka duba gidan. A hagu sunan rukuninsu. A dama haɗarin da suka gani a ciki. A ƙasa kuwa yawan mutanen da suka samu. Baƙo yakan wuce gida bayan gida yana ganin sifiri a ƙasa, sai ya iso wanda aka rubuta 1 ko 2.

Na biyar, wari. An jera firji a bakin titi an ɗaure su da salatif. Nama da kifi sun yi makonni a ciki ba wuta. Doka ta fari da ake ba sabon ɗan gayya ita ce kada ya kuskura ya buɗe firji.

YADDA AKE KWASHE GIDA

Yawancin gidajen can ba na ƙasa ba ne irin namu. Ana kafa ginshiƙan katako ne, a rufe su daga ciki da alluna na farar ƙasa, a cusa wani abu mai kamar auduga a tsakani don tare zafi da sanyi. Idan ruwa ya jiƙa waɗannan, fumfuna takan kama su, ta hau har silin, baƙa da kore. Shaƙar ta tana kawo tari da ciwon ƙirji. Saboda haka gidan da ya tsaya da ƙafarsa ma ba ya zaunuwa sai an kwashe cikinsa ƙaf. 'Yan kwangila suna karɓar dubban daloli a kan wannan aiki. 'Yan gayya kuwa kyauta suke yi. Ga yadda aikin yake tafiya:

1. Shugaban rukuni ya fara shiga shi kaɗai, ya tabbata an kashe wutar lantarki da iskar gas, ya duba ko rufi da daɓe za su ɗauki mutane.

2. Kowa ya sa takunkumi da safar hannu da takalmi mai kaurin tafi, domin ƙusa mai tsatsa ta cika ko'ina. Akan bukaci mutum ya yi allurar rigakafin tetanus kafin ya zo.

3. A buɗe tagogi da ƙofofi, a fitar da kaya duka: gado, katifa, kujeru, tufafi, tukwane. A kasa su kashi-kashi a bakin titi, na lantarki dabam, magunguna da fenti dabam, tarkace dabam.

4. A kwashe laka da shebur da baro.

5. A ɓamɓare allunan bango da silin, a cire ƙusoshi, har sai ginshiƙai kaɗai suka rage, mutum yana tsaye a ƙofar gaba yana hango ta baya.

6. A kankare katakon, a wanke da magani, a bar shi ya bushe sarai kafin a fara sabon aiki.

Mutum goma zuwa goma sha biyar sukan gama ƙaramin gida a kwana biyu ko uku. Amma akwai ƙa'idar da ta fi waɗannan duka. Abin da ɗan gayya ke gani tarkace, tarin shekara arba'in ne na mai gida. Don haka duk hoto, ko takarda, ko zobe, ko kwanon da bai fashe ba, akan ajiye shi gefe ɗaya sai mai gida ya gani. Idan tsohuwa ta tsaya tana ba da labarin wanda ke cikin hoton, akan ajiye shebur a saurare ta. Wannan ma cikin aikin yake.

GONAKI DA GARKE

Birni aka fi nunawa a talabijin, amma manoma ma sun sha tasu. A kudu da Niyu Olins, a yankin Plaquemines inda guguwar ta fara sauka a Luwiziyana, ana noman lemo. Ruwan gishiri ya kwanta a gonakin ya kashe itatuwa masu yawa, itacen lemo kuwa sai ya yi shekaru kafin ya fara ba da amfani. A Misisipi iska ta karya dazuzzukan katako ta rushe ɗakunan kiwon kaji. Masu shanun tatsa sun zubar da madara don ba wutar da za ta sanyaya ta. Da Rita ta zo ran 24 ga Satumba, ta tura teku cikin gonakin shinkafa da makiyaya na kudu maso yammacin Luwiziyana. Dubban shanu sun nutse. Waɗanda suka tsira sun watse, ba shinge, ba ciyawa, ba ruwan sha mai daɗi.

Gishiri ba ya tafiya tare da ruwa. Yana zama a cikin ƙasa sai ruwan sama mai yawa ya wanke shi. Don haka manoman shinkafa sun riƙa kai ƙasarsu a auna kafin su yi shuka, waɗansu gonaki kuwa ba a noma su ba a shekarar da ta biyo. A nan aikin 'yan gayya dabam ne: kafa shinge, sare itatuwan da suka faɗi, da kawo harawa daga jihohi masu nisa. Haɗaɗɗiyar ƙungiyar manoma baƙar fata ta kudancin Amurka, Federation of Southern Cooperatives, wadda aka kafa a 1967, ita ma ta tashi ta kai wa 'ya'yanta agaji.

ME YA SA WATA UNGUWA TA TASHI, WATA TA KASA?

A ƙidayar shekarar 2000 Niyu Olins tana da mutum 484,674. A ta 2010 an sami 343,829. A ta 2020 kuwa 383,997. Unguwa ta Tara ta Gangare tana da kusan mutum 14,000 a 2000, amma a 2010 ba su kai 3,000 ba. Gidaje da yawa da 'yan gayya suka kwashe da guminsu sun tsaya haka nan wayam har ciyawa ta cinye su. Kwashe gida mataki na fari ne kawai. Ga abubuwan da suka tare hanya.

Na ɗaya, jinkiri. An hana mutanen wannan unguwa komawa har watan Disamba, ko a lokacin ma sai dai su duba su fita. Wani sashe nata ya yi fiye da shekara ba ruwan famfo. Wanda ya sami aiki a wani gari, ya sa yaransa a makaranta a can, komowa takan yi masa wuya.

Na biyu, takarda. Gwamnati ta buɗe wani shiri mai suna Road Home don ba masu gidaje kuɗin gyara, har zuwa dala 150,000. Amma sai mutum ya nuna takardar mallaka da sunansa. Iyalai da yawa gidan gado suke zaune. Kaka ya saya, ya mutu, 'ya'ya da jikoki suka ci gaba da zama, ba wanda ya je aka juya sunan. Kowa a unguwa ya san gidan nasu ne, amma ofis takarda yake tambaya.

Na uku, yadda aka yi lissafi. An auna kuɗin ne bisa ga darajar gida a kasuwa kafin guguwa, idan ta gaza kuɗin gyara. Gida a unguwar talakawa ba shi da tsada, amma katako da kwano farashinsu ɗaya ne a ko'ina. Sai talaka ya karɓi abin da ba zai gama masa gini ba. An kai ƙara kotu a kan wannan, aka daidaita a 2011, bayan mutane da yawa sun riga sun haƙura.

Na huɗu, macuta. Waɗansu 'yan kwangila sun karɓi kuɗin tsofaffi suka gudu, ko suka yi rabin aiki suka ɓace.

Yanzu mu duba wata unguwa a gabashin birnin, Village de l'Est. Mazaunanta da yawa 'yan gudun hijira ne daga Biyetnam da suka zo bayan 1975, masunta da masu lambu. Rayuwarsu tana kewaye da ikkilisiyar Katolika ta Mary Queen of Vietnam. Tun kafin guguwa an kasa unguwar shiyya-shiyya, kowace da shugabanta wanda ya san mutanensa. Da aka watse, limaminsu, Fada Vien Nguyen, ya bi sansanonin da aka ajiye mutane yana neman nasa. A farkon Oktoba 2005 suka fara komowa. Suka mai da harabar coci wurin dafa abinci da raba kaya, suka riƙa gyara gidaje ɗaya bayan ɗaya ta hanyar gayya. Da kamfanin lantarki ya nemi shaidar cewa akwai mutanen da za su yi amfani da wuta, suka tara sunaye suka kai. Da aka buɗe juji na tarkacen guguwa kusa da su a 2006, suka tashi tsaye, tsofaffi da matasa, har aka rufe shi a watan Agusta na shekarar. Kafin shekara biyu mafi yawansu sun komo. Bayan malalar man fetur ta 2010 ta hana su kamun kifi, sai aka kafa ƙungiyar haɗa kai ta masu lambu mai suna VEGGI.

Kada mu ɗora wa mutanen Unguwa ta Tara laifi. Ruwan da ya shiga Village de l'Est bai kai nasu zurfi ba, bai kuma zo da ƙarfin tumɓuke gida ba. Su ma sun kafa ƙungiyoyi sun yi ta fama. Akwai nauyin da sai gwamnati ce za ta ɗauka, kamar ganuwa da ruwan famfo da makaranta. Bayan Katrina an kashe dala biliyan 14 da rabi an sake gina katangun, da guguwar Ida ta zo ran 29 ga Agusta 2021 kuwa na cikin birnin sun tsaya. Amma abin lura shi ne wannan: jama'ar da ta riga ta san kanta tun kafin masifa, tana da shugabanni da jerin sunaye da wurin taruwa, ita ce ta iya yin magana da murya ɗaya, ita ce kuma ta fi cin moriyar baƙin da suka zo taimako.

TAIMAKO MAI AMFANI DA MARAR AMFANI

Ba kowane taimako ne ya yi amfani ba. An aiko da tsofaffin tufafi tuli-tuli har aka rasa inda za a sa su, alhali abin da ake nema shi ne hannu da kayan aiki. Ɗan wasan fim Brad Pitt ya kafa wata gidauniya a 2007, ta gina gidaje 109 masu sabon fasali a Unguwa ta Tara. Niyyar mai kyau ce. Amma da yawansu ba su jure ruwan sama da laimar wurin ba, suka fara yoyo da ruɓewa, har masu gidajen suka kai ƙara a 2018. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ba a kuwa tambaye shi sosai ba.

Waɗanda aikinsu ya ɗore su ne masu zama su daɗe. Misali ƙungiyar agaji ta Mennonite, wadda ta samo asali a jihar Kansas a 1950 cikin mutanen da suka saba tayar wa juna rumbu da gayya. Irin waɗannan sukan ajiye ƙwararren kafinta a wuri ɗaya watanni, 'yan gayya na zuwa suna tafiya a ƙarƙashinsa. Sukan bar wa kwamitin mutanen gari zaɓen gidan da za a fara, yawanci na tsoho ko gwauruwa ko naƙasasshe. Sukan kuma komo shekara bayan shekara, bayan masu ɗaukar hoto sun tafi.

ABIN DA YA SHAFI ƘUNGIYOYINMU

Guguwar teku ba ta zuwa ƙasarmu. Amma abin da ya ci Niyu Olins bango ne da ya fashe, wannan kuwa mun san shi. Ran 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri da dare. Mazauna bakin Binuwai da Neja ba su manta da 2012 da 2022 ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ga shawarwarinmu:

1. Sakatare ya rubuta sunan kowane gida na ƙungiya, ya sa alama a kan tsofaffi da marasa lafiya da masu juna biyu. A sa wa kowannensu mutum biyu da za su fitar da shi in ruwa ya zo. Ku tuna su wa suka fi mutuwa a Luwiziyana.

2. A daidaita maganar gonar gado da gidan gado tun ana zaman lafiya, a gaban mai unguwa da shaidu, a rubuta. A yi kofe biyu, ɗaya a gida cikin leda a wuri mai tsayi, ɗaya a akwatin ƙungiya.

3. Rumbun iri na ƙungiya ya zauna a kan tudu. Wanda ya rasa amfanin bana ya yi hasarar shekara ɗaya. Wanda ya rasa iri ya yi ta biyu.

4. A ware wani abu daga asusu don ranar masifa, kada a ba da shi rance.

5. A amince da wurin da za a taru, da hanyar da za a kora dabbobi.

6. Bayan ruwa ya janye, kada a kwana a ɗakin ƙasa da gindinsa ya jiƙa sai magini ya duba. A yashe rijiya a sa mata magani, a tafasa ruwan sha. Hatsin da ya yi fumfuna kada mutum ya ci, kada kuma a ba dabba.

7. In za ku je gayya wani gari, ku aika tukuna ku tambayi shugabanninsu abin da suke bukata. Ku tafi da abincinku da kayan aikinku don kada ku zama kaya a kansu. Ku kuma sa ranar komawa ta biyu, lokacin shuka, gama a lokacin ne za su fi neman hannu.

TAMBAYOYI DON TARONKU NA GABA

Ina ruwa ya tsaya a ƙauyenku a ambaliyar da tsofaffi suka fi tunawa? Rumbun ƙungiya yana sama da wurin ko ƙasa da shi? Gida nawa ne cikinku ke noma gonar da ba ta da takarda? In ruwa ya zo yau da tsakar dare, wa zai ɗauki wa?

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku tattauna waɗannan, ku rubuta abin da kuka yanke, ku aiko mana don sauran ƙungiyoyi su ƙaru. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da ruwan ɓarna.